Gemun Alhaji a Zanzibar

Maƙarfi zuwa Kano

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gida, ni da Alhaji da akwati uku, biyu nasa. Ɗanmu Nazifi da ke aiki a Abuja shi ya ɗauki nauyin tafiyar, don likita ya ce hawan jinin ubansa ya kai inda ko dai ya bar kasuwar rake ya huta, ko a hutar da shi. An ba shi ƙwaya ɗaya kullum da safe, an kuma kafa masa sharaɗi: ban da wahala, ban da fushi. Ni da na san mijina, dariya kawai na yi.

Sai na fara yi muku bayanin gemu, in ba haka ba ba za ku gane tafiyar ba. Alhaji ya ba sittin baya, amma duk Juma'a sai ya kulle ɗaki ya rina gemunsa, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Jikarmu Hanifa, 'yar shekara huɗu, doka ya sa mata: Dadi za ta ce, ba Kaka ba. Ranar da ta yi suɓutar baki, kwana biyu bai sayo mata alewa ba.

Ɗanliti direba ya ɗauke mu, muka yi sallah a Tashar Yari. A shingen Kwanar Ɗangora ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Ina zuwa, Yallaɓai?"

"Tsibiri," in ji Alhaji, yana gyara baƙin tabarau alhali gari bai gama wayewa ba.

"Malamin tsibbu ne?"

Ɗanliti ya yi dariya har ya manta bai ba da na goro ba, ɗan sandan ma ya manta bai tambaya ba.

A filin jirgi na Kano aka yi abin da ya jawo komai. Wata ma'aikaciya ta zaro kwalba daga jakar hannun Alhaji, ta ce ruwa mai yawan wannan ba ya shiga jirgi. Ta tambaya ko magani ne. Alhaji ya ɗaga kai yana kallon silin. Na ce, "Na gemu ne, 'yata." Ban san muryata ta kai ƙarshen layi ba, wallahi. Har muka sauka Addis Ababa, inda muka yi jiran jirgi na biyu cikin sanyi mai shiga ƙashi, bai ce mini ci kanki ba.

Ranar farko: tsohon gari

Zanzibar ta tarbe mu da zafi mai ɗanko da ƙamshin kanumfari. Wanda Nazifi ya ɗauka ya zagaya da mu, wani magidanci mai suna Juma, ya riƙo hannun Alhaji da hannu biyu, fuska duk fara'a, ya ce, "Karibu, kaka!"

Alhaji ya juyo. "Hajiya, me ya ce?"

"Ka ji da kunnenka."

Kada ku ga laifinmu. Mutanen nan Musulmi ne, yarensu kuma rabinsa kamar Hausa ce ta sha ruwan kwakwa. Asuba su ce asubuhi, labari su ce habari, duniya da Alhamis da baba duk suna nan. To wa zai ce kaka ba kaka ba ne? Turancina na sakandare ya isa in tambaya, amma ina jin daɗin abin, shi kuma girman kai ba zai bar shi ba.

Da rana Juma ya shiga da mu tsohon gari. Lunguna ne matsattsu, in mai jiki irina ta haɗu da mai jiki sai ɗaya ta koma baya. Ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kowace ta fi ƙofar gidan hakimi. Duk shagon da muka gifta sai ka ji, "Kaka! Kaka, karibu!" Alhaji yana tafe yana huci, yana ƙara sauri don a ga ƙafarsa da sauranta, ni ina binsa da kwalin magani.

Bayan magariba muka je bakin teku inda ake gashe-gashe. Aka miƙo mini wata halitta mai hannu takwas a tsinke, na ce a kai kasuwa. Alhaji ya tsaya wajen masu matse rake da citta da lemun tsami, kofi shilin dubu biyu. Ya ɗauki sanda ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Wannan a gonakin Kudan ko akuya ba za ta kalla ba. Karan dawa ne ya samu gata." Kofi uku ya sha.

Rana ta biyu: gona da kunkuru

Da safe na farka na tarar da shi gaban madubi da tandun kwallina da man shafawata, yana kwaɓawa a murfin kofi. Furfura ta fara leƙowa daga tushe, ga kwalba an bari a Kano.

"Alhaji, kwallin nawa?"

"Ara na yi."

Muka je gonar kayan ƙamshi. A nan na ga kirfa ashe ɓawon itace ce, masoro kuma yaɗo yake kamar wake. Shekara arba'in ina zuba su a yaji ban taɓa tambayar uwarsu ba. Wani ma'aikacin gonar ya ɗaura igiya a ƙafa ya haye bishiyar kwakwa yana waƙa, ya sauko, ya miƙa wa Alhaji igiyar cikin wasa: "Kaka?"

Kafin in ce a'a, mijina ya cire takalmi. Ya hau kamar tsayin mutum ɗaya, ya tsaya, ya rungume bishiyar kamar sun shekara ba su gamu ba, sannan ya sulalo a hankali da fatar ƙirji a goge. Turawa suka tafa. Ya ɗaga musu hannu, amma ni na ga yadda jijiyar wuyansa ke bugawa, kuma tun daga nan dariyar ta fara fita raina.

Da la'asar kwalekwale ya kai mu wani ɗan tsibiri na kunkuraye, kowane ya kai turmi uku a haɗe. Juma ya nuna wani ya ce ya haura shekara ɗari. Na ce, "Alhaji, ku gaisa mana. Ka ga shi bai rina komai ba, ga shi ana biyan kuɗi a gan shi." Ya kawar da kai ya nufi kwalekwale. A hanyar dawowa na roƙe shi da gaske, na ce gobe ya zauna kusa da ni ya sha iska. Ya ce sai ya nuna wa 'yan tsibirin nan waye kakansu.

Rana ta uku: tudun yashi

Jirgin katako mai tanti ya kai mu wani tudun farin yashi a tsakiyar teku, wanda ba ya fitowa sai ruwa ya janye. Turawa suka baje a rana, jajaye, kamar shanyar tumatir a hanyar Ikara. Aka kafa rumfa, aka hura gawayi. Masu son kallon kifi a ƙarƙashin ruwa aka raba musu tabarau na roba da bututun numfashi da riga mai hana nutsewa.

Juma ya miƙa wa Alhaji rigar. "Kaka, sa wannan."

Da bai ce kaka ba, da ya sa. Alhaji ya ture rigar, ya ce a gaya masa shi ya ƙetare kogin Galma a watan Agusta da ɗamin rake a ka. Na ce, "Alhaji, lokacin ko aurenmu ba a yi ba. Kuma yau ka sha ƙwayarka?" Ya ce in ya dawo. Suka shiga jirgi suka yi gaba har suka zama ɗigo.

Ina zaune wajen mai gasa kifi, har na fara gyangyaɗi, sai na ga jirgin ya dawo ya tsaya can nesa don ruwa ya yi ƙasa. Ɗaya daga cikin matuƙan ya diro yana gudu cikin ruwa, ya nufo ni. Hular Alhaji ce a hannunsa. Yana haki, yana nuna teku, yana cewa, "Mama! Babu! Babu!"

Jama'a, kowace Bahaushiya ta san abin da ake nufi in aka kawo mata hular mijinta aka ce babu.

Ban san lokacin da na zube ba. Innalillahi kawai nake ja. Shekara talatin da takwas, tun ina yarinya aka kawo ni daga Gubuchi, mutumin nan bai taɓa cin tsire bai rage mini ba. Na tuna ni na tona shi a Kano, ni na haɗa shi da kunkuru, ni na ƙi tambayar kalma ɗaya don in sha dariya. Na ce yanzu da wane baki zan gaya wa Nazifi, wa kuma zai gaya wa Hanifa. Matuƙin yana ta girgiza jakata yana cewa, "Babu! Dawa, dawa!" Na ce a raina, an rasa rai kana zancen hatsi, Allah ya isa.

Sai ga Juma tafe cikin ruwa iya gwiwa, da mijina goye a bayansa kamar jariri, yana tari yana amayar da teku. Kwallina ya bi ruwa, ya tafi da sauran rinin. Gemun nan fari fat, sai baƙin zane biyu da suka gangaro ƙirji. Ashe ƙafa ce ta riƙe masa, ya sha ruwa, Juma ya cafko shi da wando.

Na kama Juma da Turancin da ya rage mini. Da ya gane abin da na ji, shi ma sai da ya zauna a yashi. Dawa a yarensu magani ne, ƙwayar Alhaji aka aiko a karɓa. Babu kuwa shi ne kaka, tsoho mai jikoki. Matuƙin ya ga farin gemu ne ya ba shi girmansa.

"To kaka fa?" na ce.

"Yaya," in ji Juma. "Wa. Mun ga ya yi ƙoƙari da gemun, muka ce bari mu faranta masa."

Kwana uku ana kiran mijina saurayi, shi kuma yana neman kashe kansa don huce haushi. Na fassara masa ina kuka ina dariya, na kuma ɗirka masa duka a kafaɗa a gaban Turawa. Ya haɗiye ƙwayarsa. Sauran kwanakin a inuwa ya yi su, ko dajin birai da aka kai mu, daga mota ya gaishe su.

Dawowa

Muka biyo ta Addis Ababa, muka sauka Kano bayan azahar, Ɗanliti yana jira. Ya kalli Alhaji, ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe. La'asar sakaliya muka shigo Maƙarfi. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu cikakku, mun gode wa Nazifi, Juma kuwa Allah ya biya shi goyon da ya yi.

Hanifa ta rugo daga tsakar gida, ta yi turus a zaure, ta laɓe bayan zanena.

"Dadi, wa ya zuba maka gari a gemu?"

Alhaji ya durƙusa, gwiwa tana ƙara, ya ɗauke ta. "Ce Kaka."

"Ai ka hana."

"Na janye," ya ce, ya kalle ni ta saman kanta. "Gara kaka da babu."