Tsawar Miss Verona

Linval ya tsufa a kan sitiyarin bas a Birmingham, kuma tun gashinsa na baƙi yake cin abincin ranar Asabar a shagon Miss Verona da ke Handsworth. Su biyun daga Jamaika suka zo, amma hakan bai taɓa sa ta yi masa murmushi ba. Matar nan ba ta san fara'a ba. Ka tambayi abu uku, biyu "babu" ne, na ukun kuma sai ta harare ka kafin ta zuba. Mutanen Jamaika ba sa jin haushi. In mai abinci ta cika washe baki, cewa suke tukunyarta ce ba daɗi.

Mutum iri ɗaya kawai take lallaɓawa, wanda ta ga ya kusa tafiya. Linval ya gani da idonsa lokacin da abokin wasan dominonsa, Cleveland, ya rame. Ta zaunar da shi, ta fito masa da dafaffiyar wutsiyar saniya da ta gama cewa ta ƙare, har da "sannu, ɗan'uwana". Ba a daɗe ba aka binne shi.

To, bara aka yi wa Linval aikin zuciya. Likita ya ce ya warke, amma wa zai yarda da likita alhali kowa na riƙonsa kamar ƙwai? 'Yarsa Marcia ta hana shi ɗaga ko butar shayi, a coci kuma sai magana ƙasa-ƙasa. Tsoro ya cika shi, ya ɗauka akwai abin da ake ɓoye masa. Ya yi ta kauce wa shagon don gudun kada Miss Verona ta lallaɓa shi, har wata Asabar ya ce gara a yi ta ta ƙare.

Marcia ta raka shi. Layi har bakin ƙofa, ƙamshin attarugu da kwakwa ya cika wurin. Da aka zo kansa, Miss Verona ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta daɗe tana kallo. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, shi ma ya sani.

"Wutsiyar saniya da shinkafa da wake," ya ce.

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Mista Linval, kai baƙo ne? Yau Asabar, romon jan wake ake sha. Ka ɓace wata da watanni ko aike babu, yanzu ka zo ka tsaya mini ƙerere. Za ka sha ko za ka ba mutane wuri?"

Marcia ta harzuƙa. "Haba Miss Verona, daga asibiti fa..."

"Asibiti gidana ne? Wannan tsohon sai ya binne mu duka. Abincinki marar gishiri ne ya tsotse shi."

Ta dangwarar da kwano a gabansa har romon ya fantsama. Ya nemi ƙarin nama, ta ja tsaki ta ce, "Na baya!"

Linval ya samu kujera ya zauna. Dariya ta kama shi har da hawaye, wani irin sanyi ya sauka a ƙirjinsa.

"Baba, ta ci mutuncinka kana dariya?"

Ya shanye kwanon tas, ya goge baki.

"Ki wuce gida, 'yata. Ni zan biya wajen domino, kada a jira ni."