Kwana Biyar da Rabi

A shekarar da gero ya yi mana rowa a Lahodu, ƙanin mahaifina, Baffa Sani, ya dawo daga sakandare da kalkuleta a aljihu. Ya leƙa rumbu, ya ƙirga dami sittin da bakwai, ya sa aka sussuke ɗaya aka sami tiya bakwai. Gidanmu kuwa tiya biyu yake ci a yini. Ya latsa, ya sake latsawa, sannan ya yanke hukunci: abincin zai kai mu kwana ɗari biyu da talatin da huɗu da rabi. Sabon gero sai nan da kwana ɗari biyu da arba'in.

Rabin nan shi ya tsorata Baba. Lissafin da ya san har rabin kwana, ai ba a ja da shi. Ya ɗaure kayansa, ya ce ran kasuwa zai tafi ci-rani Kudu. Wani abokinsa ya taɓa bin hanyar nan, shekara tara ke nan ba labari. Ni dai tuwo ya daina wuce mini.

Kakarmu, Inna Tumba, ba ta da damar ce masa kada ya tafi, domin shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Amma tana da murhu, tana da jikoki, muryarta kuma tana ƙetare zana. Bayan magariba ta tara mu tana ɓarar gyaɗa, Baba na bayan zana yana gyaran igiyar kayansa, Baffa Sani na gefe.

"Ga ta nan ta taho muku, da ƙafa shidda," in ji ta.

"Ta iso mu gan ta!" muka amsa.

Wai sarkin tururuwa ne ya so ya san ko hatsin ramin zai kai su damina, don suna bukatar ƙwaya dubu sittin. Wata 'yar tururuwa mai ilmi ta zagaya ta dawo ta ce dubu sittin ne babu ƙwaya goma sha uku, don haka sai ƙaura. Aka fara kuka. Sai wata tsohuwar tururuwa ta rarrafo ta ce ita ma a bar ta ta gwada.

Nan Inna ta zana a ƙasa. Ɗakuna talatin: zane uku, da ɓawon gyaɗa ɗaya a gefe a madadin sifili. Kowane ɗaki ƙwaya dubu biyu: zane biyu, ɓawo uku.

"Kai da kai a ka gamawa, ɓawo shi bi ɓawo. Uku sau biyu nawa na?"

"Shida!"

"To tara ɓawon."

Na tara, huɗu. Shida da ɓawo huɗu, dubu sittin.

"Sai tsohuwa tac ce ma yarinyag ga, ɗiyata, ɗaki nawa kinka ƙirga ƙwaya-ƙwaya? Tac ce guda. Sauran hwa? Tac ce duba ɗai na yi. Tac ce, to goma sha ukun ga, ina kinka samo ta?"

Baffa Sani ya yi gyaran murya. "Inna, da wa kike?"

"Mi kaj ji? Da tururuwa nike, Malam Boko. Ko kai ma ƙafa shidda gare ka?"

Muna cikin dariya muryar Baba ta fito daga bayan zana: "Sani, dami nawa anka sussuke?"

"Guda, Yaya."

"Wane?"

"Na bakin rumbu. Shi yaf fi sauƙin jawowa."

Da safe aka sussuke uku. Ɗaya ya ba da tiya bakwai, ɗaya takwas, ɗaya bakwai da tozo. Baffa Sani ya latsa kalkuleta sau uku, ta ba shi amsa uku, kowace da ƙwarin gwiwa irin na farko. Daga ƙarshe ya sa ta aljihu ya ce, "Kamar wata takwas dai." Baba ya tsaya yana kallon rumbun, sannan ya shiga ɗaki ya kwance igiya. A ranar na cinye tuwona har da na ƙanena.

Yau lissafi nake koyarwa a Goronyo. Idan na rubuta (3 × 10¹) × (2 × 10³) = 6 × 10⁴ a allo, yara kan gane da wuri: a ninka na gaba, a tara na saman goma. Wuyar tana wajen sa su yarda su zubar da jelar lambobin da kalkuleta ta ba su, su tsaya iya inda awonsu ya tsaya. Gani suke asara ce, kamar an ce su zubar da fura. Ba na ganin laifinsu. Doguwar amsa tana da kwarjini, ta taɓa sa babban mutum ɗaure kaya.

Geron bai yi daidai ba, gaskiya. A makon ƙarshe tuwon ya koma kunu, har Inna ta ce tsohuwar tururuwa ma ba ta yi alkawarin ƙoshi ba. Amma Baba ne ya yanko mana tumun farko a gonarmu, ya gasa da hannunsa.