Guzurin Yaya Hajara

"Yaya Hajara, jirgin sama fa zan shiga. Daga Damagaram zuwa Yamai ko awa biyu ba ya yi."

Ba ta ɗago ba, tana ta mulmula fura a tsakar gidanmu na Birni. Shekarar farin nan ce, na zo ganin gida zan koma bakin aiki. Da safe na leƙa tukunyar hatsinta, na san ɗan geron da ya rage ne ta daka mini.

Na ce, "Bar wa yara, a jirgi ana ba da abinci."

Ta ce, "Jirgi ne mai awa biyu, Auta. Kai in ka tafi sai shekaru. Guzurin shekarun nake yi."

Da ƙyar ta yarda muka raba biyu. Na sauka Yamai furar ba ta ko yi tsami ba.

Yau abokin aikina a biro, wato ofis, ya ce ai gida kusa ne tunda akwai jirgi. Ban musa ba, a agogo yana da gaskiya. Amma hutu da biyen jirgi, wato tikiti, ba su cika haɗuwa a hannun irinmu ba, lissafin Yaya ne ya fito daidai.

Ku da ke nesa, wa ke yi muku guzuri har yau?