Keken da Muka Haɗa a Tsakar Gidan Kawu

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin albashina, na tura babur ɗina cikin zaure na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. A wata firamare ta wajen Kangire nake koyarwa, gidana kuma yana cikin Birnin Kudu. Da farko acaɓa nake hawa, daga baya na koma tsayawa a bakin titi ina jiran mai rage mini hanya. Wata rana in isa da wuri, wata rana in tarar yara sun gaji da jira sun fito wasa. Shekaruna sun haura hamsin, ga gwiwa ta fara ƙorafi.

Maƙwabcina ya ara mini kekensa, irin baƙin nan mai sanda biyu da ake ɗora wa buhun gero. Ban jima da shi ba na mayar masa da abinsa. Keken ba shi da laifi, don ɗaukar kaya aka yi shi, ni ne ba ni da ƙarfinsa. In na dawo sai in zube a tabarma ko takalmi ban cire ba, har sai maiɗakina ta taɓa ni ta ce la'asar tana wucewa. Ita ce ta ce in je in ga Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a Gwaram yake zaune. Gyaran keke ya yi duk rayuwarsa, a gindin wata darbejiya kusa da kasuwa. Babura suka yi yawa, aiki ya ja baya, sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo ya ƙarasa zaunar da shi. Ya samu sauƙi har yana takawa da sanda, amma hannun dama ya ƙi dawowa, magana kuma sai a hankali. Na tambayi maiɗakina me zai iya yi mini a wannan hali. Ta ce ko shawara ce ai ya ba ni.

Wata Asabar na shiga mota na tafi. Na same shi a tsakar gida ya jingina da bango, matarsa, wadda muke kira Inna, tana tsintar wake a gefe. Bayan mun gaisa na gaya masa abin da ya kawo ni. Can sai ya nuna ɗakin ajiya da sandarsa.

"Shiga. Duba sama, wajen azara."

Na shiga na tarar da firam ɗin wani keke a rataye, siriri, duk yanar gizo. Ba ƙafafu, ba sirdi, sai wayoyi da ke reto a jikinsa. Da na sauko da shi na yi mamakin rashin nauyinsa. Kawu ya ce tun yana da lafiya ya saye shi a wajen 'yan gwangwan, da nufin ya tayar da shi wata rana. Keken tsere ne mai giya da yawa.

"Duk za mu cire su," in ji shi. "Giya ɗaya ta ishe ka. Abin da babu shi a jikin keke ba zai lalace maka a hanya ba."

"Kawu, wa zai yi aikin?"

"Kai. Ni ina da ido, kai kana da hannu."

Inna ta ɗago ta dube mu, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Daga nan Asabar ɗina ta zama ta Gwaram. In fito da sassafe da gajiyar mako a jikina, in zauna a mota har ta cika, in isa hantsi ya ɗaga. Inna ta fito mana da tsohon buhun kayan aikinsa. Muka fara da wanki. Na kwance duk abin da ya ce in kwance, na jiƙa a kalanzir cikin wani tsohon kwano, na goge da tsumma. Boris ɗin da ke cikin mazaunin feda, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu, ya cinye, muka sayi sabo da giris. Shi da sarƙa da robar birki su ne kawai sababbi a jikin keken nan. Sauran duk tsince-tsince ne.

Neman ƙafafun ne ya fi wahalar da ni. Rim ɗin manyan kekuna, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ba ya shiga wannan firam. Na zaga masu gyara a Gwaram da Birnin Kudu, kowa ya girgiza kai. Daga baya wani tsohon abokin aikin Kawu ya ce ya taɓa ganin irinsa a Basirka, wajen wani manomi da ɗansa ya kawo keke daga birni ya karya shi. Na je har gona na same shi yana noma tsakanin kunyoyi. Ya ce in jira ya kai ƙarshen layi. Na jira a gindin wata ɗorawa har rana ta take. Da muka je gida sai ga rim biyu a kan rumbu, ɗaya lafiyayye, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ya bar mini su da araha, ya kuma haɗa mini da ruwan sha da gyaɗa.

Sai ɗaurin ƙafar baya. Sifok, wato siraran wayoyin nan da ke riƙe da rim, kowanne yana da ramin da zai shiga da wanda zai tsallake. Kawu ya san abin kamar tafin hannunsa, amma bakinsa ba ya iya fitar da shi da saurin da yake so. Yana cewa "tsallake," ni kuma ban san wanne ba. Na ɗaura, ya ce kwance. Na sake ɗaurawa, ya sake cewa kwance. Zufa ta jiƙa mini riga. Sai ya miƙo hannun hagu ya fizge ƙafar, ya danne ta da gwiwa, ya yi ƙoƙarin sa hannun dama ya riƙe sifok ɗin. Yatsun suka ƙi rufewa. Ya yi ta gwadawa. Daga ƙarshe ya ture ƙafar, ta gangara ta bugi tukunyar ruwa, ya juya fuskarsa bango.

Inna ta kira ni bakin madafi, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, in kun gama aikin nan na Asabar, kwana yake yi hannun yana masa zugi. Ba na son in hana shi, amma ka sani."

Na ce to in bari kawai, in kai wa wani ya ƙarasa. Ta ce a'a, wannan kuma sai ya fi ciwo, don tun ranar Laraba yake fara tambayarta ko yau Asabar ce. Mu dai riƙa tsayawa da azahar.

Ranar ban ƙara taɓa ƙafar ba. Mako na gaba na tarar ya sa an ɗauko masa ƙafar gaba, wadda take a ɗaure, ya ajiye ta kusa da shi. Ya ce in kalle ta in kwaikwaya, shi zai yi shiru. Haka muka yi. In na yi daidai ya gyaɗa kai, in na kauce ya buga sanda a ƙasa. Kafin azahar ƙafar ta tsaya. Miƙar da ita kuma ya ci wani makon, ina juyawa, yana kallon inda take goga, ina ɗaure wannan ina sassauta wancan.

Kan keken na asali irin mai lanƙwasa ƙasa ne, wanda sai mutum ya duƙa kamar mai noma. Kawu ya dubi bayana ya ce ba zan iya ba. Muka sa kan wani tsohon keken mata, mai dawowa wajen mahayi, yadda zan zauna a miƙe. Sirdin da muka samu siriri ne mai tauri. Na kai wa wani baduku ya sa masa soso ya rufe da fata. Na so in sa kariyar ɗaukar kaya a baya saboda littattafan yara, Kawu ya hana. Ya ce in rataya jaka a kafaɗa, in na fara ɗora wa keken nan ƙarfe to gara in koma wa na maƙwabcina. Haƙorin baya da sarƙa ke hawa ma sai da muka canja. Na farko ƙarami ne, keken yana gudu amma tashi da shi sai da nishi. Ya sa na nemo mai ɗan girma, ya ce gwiwata ta fi gudu muhimmanci.

Ranar da muka gama, na zaga da shi a ƙofar gida na dawo. Ba ƙara, ba nauyi, sai ɗan sautin taya a ƙasa. Kawu yana tsaye a bakin zaure da sandarsa.

"Riƙe mini shi," ya ce.

"Kawu, hawa za ka yi?"

"Riƙe dai."

Inna ta fito ta ce Malam, don Allah ka rufa mana asiri. Bai kula ta ba. Na sauke sirdin ƙasa, na tallafe shi ya hau da ƙyar. Ƙafar dama ta ƙi zama a kan feda, sai zamewa take yi. Inna da kanta ta zare ɗankwalin da ke kafaɗarta ta ɗaure masa ita. Na riƙe kan keken da hannu ɗaya, ɗayan na rungume bayansa, na fara turawa. Ya fi yadda nake zato nauyi, duk jikinsa ya kwanto a kaina. Muka bi lungun a hankali, mutanen da ke zaune a dakali suna yi masa sannu, shi kuma ko kallonsu bai yi ba, idonsa yana kan ƙafar gaba. Da muka kai masallacin unguwa ya ce ya isa. Na sauke shi a dakali, mu biyu muna haki.

"Birkin baya yana kamawa da wuri," ya ce bayan ya huta. "Ka sassauta shi kaɗan."

Na ɗora keken a bayan mota na kawo shi Birnin Kudu. Da shi nake zuwa makaranta har yanzu. Ba zan ce ya raba ni da gajiya ba. In iska ta taso daga gaba, ko damina ta ɓata hanya, sai in sauko in tura, laka ta ɓata mini wando. Ƙaya kuma ba ta jin tausayin siririyar taya, har na koyi faci a gefen hanya. Amma ina isa kan lokaci, in na dawo kuma ina iya zama in ci abinci a zaune.

Bayan wani lokaci Kawu ya aiko a tambaye ni ko akwai wani keken da za mu tayar. Wani abokin aikina yana da ɗaya da ya mutu, na kai masa. Mun fara kwance shi, amma sai na ga Kawu yana gyangyaɗi tun kafin hantsi ya yi zafi, in na tambaye shi abu sai ya ce in yi yadda na gani. Muka tattara sassan a buhu muka jingine a ɗakin ajiya. Da kaka babban ɗansa ya zo ya ɗauke su shi da Inna zuwa gidansa a Basirka, inda za a fi kula da shi. Nakan je in gaishe shi in hali ya yi. Yawanci mukan zauna ne kawai a inuwa, ya tambayi yara, in tambayi jiki, har lokacin motar komawa ya yi.