Ranar da Kaka Ya Hana Mu Ganin Ƙarshen Fim

Jiya na shafa wa gwiwata man zafi, sai warinsa ya mayar da ni falon gidanmu na Unguwar Dosa, wata Asabar cikin damina, ina 'yar firamare.

Kakanmu na wajen uba tsohon soja ne. Da shi aka yi yaƙin basasa, amma ba ya ba da labari. Abin da muka sani game da shi bai wuce ɗingishi da goro da wannan wari ba. A shekarar ne Baba ya sayo mana bidiyo a Babbar Kasuwa, a shekarar ne kuma yayana ya kafe cewa soja zai shiga in ya gama sakandare. Baba ya ƙi, Umma ta yi ta kuka.

Sai yayana ya aro kaset ɗin wani fim na yaƙi. Dabararsa ita ce in Kaka ya gani, jininsa zai motsa ya goya masa baya. Ana yayyafi, ƙasa tana ƙamshi, yaran maƙwabta sun cika tabarma. Aka kawo wa Kaka kujerarsa.

Mai karatu, ban taɓa kallo cikin takaici irin na ranar nan ba. Jarumin bai gama fitowa ba Kaka ya ja tsaki.

"Wannan wa yake yi masa guga a daji?"

Aka fara harbi, muna ihu, sai muka ji shi daga baya: "Harsashinsa ba ya ƙarewa ne? Ko rijiya ce a cikin bindigar?"

Haka ya yi ta yi. Me ya sa ba mai jin yunwa? Ina masu gudawa, ina kwarkwata? Ya aka yi mutum ya kwana cikin taɓo da takalmi ƙafarsa ba ta ruɓe ba? Na cika na yi fam, har na cusa yatsu a kunne. Amma wa zai ce wa tsoho ya yi shiru?

Can aka harbi abokin jarumin. Ya kwanta a cinyarsa yana doguwar wasiyya, kiɗa mai taushi yana tashi. Kaka ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kashe abin nan."

Yayana ya ce, "Kaka, saura kaɗan fa su ci nasara."

"Na ce ka kashe. Ƙarya suke yi, ba haka ake mutuwa ba. Ni nawa abokin ruwa ya roƙe ni, ruwa kawai, kuma ko ɗigo babu a gorata. Uwarsa ya yi ta kira har ya yi shiru."

Yayana ya kashe bidiyon. Ruwa ne kawai ke dukan kwano. Yaran maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na zauna da haushi, domin har yau ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba. Da Kaka ya miƙe, ya dafa kafaɗar yayana ya ce, "In za ka shiga, ka shiga, aiki ne na mutunci. Amma kada ka shiga saboda wannan shirmen."

Ya shiga ɗin. Baba ya haƙura, Kaka ya rasu. Yayana ya yi shekaru a arewa maso gabas, Allah ya dawo mana da shi da ransa, yanzu ya yi ritaya.

Yaranmu na yau a waya suke harbin mutane suna dariya, kowa da abin ji a kunne, ba mai katse su. In mun taru da Sallah suka kunna fim ɗin yaƙi a babbar talabijin suna ihun "Gama da shi!", raina kan ɓaci, in juya wajen yayana ina jiran ya tsawata musu. Takalminsa yake ɗauka, ya fita ƙofar gida ya zauna har sai an gama.