Igiyar Kawu Labbo Tela

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Labbo a Ƙofar Marke ya san ba da hannu ake fara gaisawa da shi ba. Cikinka yake fara gaidawa. Kana yin sallama zai sauke tabarau bisa hanci, ya ƙare wa tsakiyarka kallo, sannan ya ɗago ya ga fuskar wa aka aza a kai. Daga nan sai ya miƙa hannu bango. Kun san bangon nan mai ƙusoshi, kowace ƙusa da igiyarta, wadda ya tufka da ragowar ƙyallen ɗinki, don Kawu bai taɓa zubar da ko zare ba. Kowane mutum da tasa igiyar, an yanke ta daidai tsayinsa daga ƙasa zuwa tsakar ka. Sai ya ninka ta biyu ya zagaya maka ita daidai cibiya. In baki biyu suka haɗu, ya ce, "Lahiya lau, zamna." In ba su haɗu ba, ya sa yatsu ya auna giɓin, ya faɗa da ƙarfi har mai shayi ya ji.

Ni ne Sambo, ɗan ƙanwarsa, direban keke mai ƙafa uku. Ku 'yan majalisar ƙofar shago kuka matsa sai na rubuta wannan, alhali kun san a aji biyu na sakandare na ajiye biro. In kun ga gyara ku riƙe abinku.

Kuna dai tune da Alhajin nan ɗan kwangila da ya zo da kaftani shida a buɗa masa. Ya zube su kan tebur, ya ce duk sun matse.

Kawu ya ɗaga ɗaya, ya jujjuya, ya ce, "Alhaji, rigag ga mi tac ci?"

"Wane irin me ta ci?"

"To, tunda ba ta ci komi ba, don mi za a yanke ta? Kai kac ci. Kai za a gyara."

Alhaji ya shafa tumbi ya ce ai wannan rufin asiri ne, alamar Allah ya buɗa. Kawu ya mayar da ƙafa kan keken ɗinkinsa ya ce, "Haka na. Sa ma in ya yi ƙiba ana murna. Amma ba shi ka murnar ba, mahauci na." Alhaji ya kwashe rigunansa ya kai wani shagon, Kawu kuma ya rasa ciniki ya wuni yana nishaɗi.

Haka yake. Ɗansa ya sayo masa injin lantarki a ɗaura wa keken ɗinki don ya huta da taka feda. Ya karɓa ya yi godiya ya sa albarka. Washegari muka tarar ya tokare ƙofar shago da shi, wai iska na damunsa. Sallar azahar kuwa, masallaci uku yake wucewa kafin ya tsaya. Har limamin unguwa ya tare shi ya ce, "Labbo, ko mun yi maka wani laifi ne?" Ya ce, "Ko kaɗan, Liman. Karatunka ya fi nasu daɗi. Masallacin ne kawai yay yi kusa."

To, ni ne babban abin tsokanarsa. Shekara hamsin da ɗoriya a duniya, ban tara gida ba, ban tara fili ba, keken ma ba nawa ba ne. Abu ɗaya na tara, shi ne tumbi. Hannuwa kamar sillen kara, ƙafafu kamar na balbela, ciki kamar tulun Hajiya. Abin haushin, mutane na ganinsa su ɗauka ina da shi. A wurin suna maroƙi zai tsallake ma'aikacin banki ya tsaya kaina yana "Alhaji, Alhaji". Kawu ya raɗa mini suna Alhaji Babu, ku kuma marasa kirki kuka karɓa.

Igiyata yatsa takwas take bari. Hannu biyu Kawu ke sawa, ya ce da ƙarfi, "Takwas, ban da manyan yatsu."

Ban taɓa damuwa ba sai ranar da jiri ya ɗebe ni a hanyar Arkilla, na kusa afka wa kwata da fasinja. Allah ya sa fasinjar Sista Rifkatu ce, tsohuwar nas da nake kaiwa kasuwa duk Talata. Ta sa na juya gidanta, ta ɗaura mini abin awon jini, ta soki yatsana. Ta ce jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Ta tsunkuli damtsena ta ce, "Malam Sambo, wannan kitsen da ake kamawa da hannu da sauƙi. Na cikin nan da ya yi tauri kamar ganga, shi ne mugun, don a kan hanta da hanji yake zaune. Ka je asibiti a duba ka sosai, kuma ka sauke shi, in kana son ganin jikoki."

Maganar jikoki ce ta tsaya mini a rai. Hadiza, 'yata ta fari, ta gama kwalejin malanta, an sa bikinta da wanda ta kawo da kanta, saura wata bakwai. Mahaifina kuma bai kai shekaruna ba ya faɗi a bakin rijiya bai tashi ba, da irin wannan cikin.

Da na faɗa wa Kawu sai ya rufe shago ya ja ni wurin mahauta. Ya sa wani ya ɗago masa kayan cikin rago, ya nuna mini farin kitsen da ya lulluɓe hanji kamar mayafi. Ya ce, "Gaida ɗan'uwanka." Mahaucin ya tambaya ko a auna mana. Kawu ya ce, "A'a, muna da shi gida."

Ni kuwa da taurin kai na ce zan yi maganin abina da gaggawa. Na sayi shayin rage tumbi wurin masu lasifika. Kwana uku ina sintiri tsakanin keke da bayan gida, har fasinja suka fara tsammanin leƙa wata nake yi. Na bar shi na koma naɗe ciki da leda, a zafin Sakkwato, wai kitse ya narke. Abin da na samu ƙuraje ne da wari. Daga nan na daina cin komai daga safe har magariba, in na zauna kuma sai na share malmala huɗu. Bayan wata guda Kawu ya zagaya igiya. Takwas, cif.

Na fusata. Na ce, "Kawu, wannan rashin adalci ne. Ga Mode ɗan baffana can a fadamar shinkafa, yana cin ninkin abin da nake ci, amma kamar sanda yake. Ni ko ƙamshin tuwo na shaƙa sai ya zauna."

Ya ce, "Zo ka gani." Ya nuna mini murhun mai ƙosai a tsallaken hanya, wuta na ci bal-bal. Ya nuna kaskon gawayinsa na guga, toka ta rufe shi. Ya ce jikin mutum murhu ne, abinci itace ne. Wani an haife shi da babbar wuta, wani ƙarama, wannan rabo ne, ba a kai ƙara. Amma naman jiki, wato tsoka, shi ke cin itacen. Mode yana saɓa buhu yana noma, tsokarsa na ƙona tuwo ko yana zaune. "Kai ko tun asuba kana bisa kujera, hannu kaɗai ka motsi, kana ta tura itace cikin toka. Ina kake so shi tahi? Sai a jibge shi zaure." Ya buga mini ciki.

Na ce ai shi ya sa nake yunwa.

Ya ce, "Wawa. Uwargida in ta ga rumbu ya yi ƙasa, mi takan yi? Rage wuta takan yi, ta ɓoye tsaba. Haka jikinka. Kana horonshi da yunwa, shina ƙara rowa. Hura wuta za ka yi, ka rage itace kaɗan, ba ka kashe murhu ba."

Da na maimaita wa Sista Rifkatu, ta yi dariya ta ce su a makaranta da dogon Turanci aka koya musu wannan, amma tela ya fi malaminsu iya bayani.

A cikin wannan hali na kai masa shaddata. Yadi biyar, ruwan sararin sama, matata Hajo ce ta sayar da tunkiyarta ta saya mini, ta ce ba za ta yarda uban amarya ya fito kamar ɗan rakiya ba. Shekara goma rabona da sabuwar shadda. Bayan mako guda na je karɓa. Ɗinki ya yi kyau kamar a lasa. Na zura kai, na zura hannu, riga ta sauko ta iso tumbi ta tsaya cak.

Na ce, "Kawu, ka ɓata mini shadda."

Ya ce, "Ban ɓata ba. Uban amarya nid ɗunka ma. Kai ba ka iso ba tukuna."

Na ce ya buɗa. Ya ce bai bar komai a ciki ba, ragowar ma ya yi igiya da ita. Na faɗi maganganun da bai kamata ɗa ya faɗa wa kawunsa ba. Ya bari na gama, ya ce, "Ka huce? To gobe bayan asuba ka jira ni."

Ya kuwa zo. Tsoho ɗan saba'in da wani abu, yana gaba ina baya ina haki, daga gidana a Ƙofar Dundaye mu zagaya har Ƙofar Marke mu dawo. Ya hana mai ruwa shigar mini da jarka cikin gida, wai ni zan ɗauka, biyu-biyu. Ya je wurin mai shayi ya kafa doka: sukarina daga cokali biyar ya koma ɗaya. A wurin wani suna ya zare lemon kwalba daga hannuna gaban jama'a, ya miƙa mini ruwa, ya ce, "Alhaji Babu ya gode." Hajo ta haɗa baki da shi, tuwo ya ragu, wake da zogale da rama suka cika kwano. Fura ma ba sukari. Na yi wata guda ba na yi wa kowa dariya.

Amma igiya ta fara matsowa. Bakwai. Shida. Ta tsaya a shida har mako uku, na ce na bari, Kawu ya ce, "Bari mana, Hajo ta sa rigar." Biyar. Huɗu. Jiri ya ɗauke, likita ya ce jinin ya fara sauka, na daina barci a layin jiran fasinja. Maroƙa suka fara tsallake ni, abin da ya fi komai yi mini daɗi ke nan.

Muna kan uku Kawu ya kwanta. Zazzaɓi ne na kwana biyar. Ranar da na je duba shi, da ƙyar yake magana, amma ya dubi cikina kafin fuskata. Ya ce, "Kak ka zamna don na kwanta." Saura mako shida biki muka kai shi makwancinsa.

Na ci gaba da zagayen ni kaɗai. Ranar ɗaurin aure igiya saura yatsa ɗaya, ba ta kai ga haɗuwa ba. Hajo ta juya kaftanin za ta goge, sai ta kira ni. Ta nuna mini gefe da gefe. Mutumin da ya rantse bai bar komai ba, ashe ya ninke yadi yatsa huɗu kowane ɓangare, ya kwantar da shi da ƙananan ɗinki yadda ba za a gani ba. Huɗu da huɗu, takwas. Da na kasa, da zare ɗaya za a ja in shiga rigata in tsaya gaban mutane ba kunya.

Hajo ta ce, "A kai a ɗan sassauta maka?"

Na ce kada wanda ya taɓa. Na zura ta, ta wuce tumbi ta sauka har ƙasa. Ta ɗan kama ni in na zauna, sai na wuni a tsaye ina gaisawa da baƙi, wanda na san Kawu ma zai fi so.

Igiyata na nan a ƙusa bayan ƙofar ɗakina. Ku ma da kuka kwashe naku ranar sadakar uku, na ga wasunku sun mayar da ita ta ɗaurin akuya, Allah ya shirye ku.

Kawu Labbo bai taɓa buɗa wa kowa riga muna gani ba, ashe a ɓoye yake bar mana wuri. Ya Allah, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka ninke masa rahama inda bai zata ba. Amin.