Tunkuzar da Ba Ta Matsu Ba

Sana'ata man gyaɗa ce. Nakan sari buhuna a kasuwar Roni, in raba wa mata a gidajensu nan Kazaure, su soya, su kai niƙa, su matse, in karɓi mai da ƙuli in sayar. Da tire a ka na fara, saboda haka ba a yi mini wayo a kan gyaɗa.

Shekarar korona aka kulle gari, aka hana kasuwa ci, aka tare hanyoyi. Aiki ya ragu amma bai tsaya ba, don miya ba ta san doka ba. Cikin matan akwai wata 'yar Gwiwa mai goyo, mijinta ɗan acaɓa. Ta fi kowa ƙarfin matsa, tunkuzarta takan fito a bushe ƙamas.

Sai aikinta ya canza. Mai ya ragu, tunkuza ta zo sharkaf. Da farko na zaci ɗiba ake yi mini. Amma mai ɗiba yakan matse tas sannan ya ɗiba, ba ya barin mai a tunkuza. Wannan aikin hannu ɗaya ne.

Na bi ta lungu na shiga gidan. Babur na jingine a zaure, maigidan na ɗaki. Na tarar da ita gaban turmi, ga zafi ga azumi, amma da hijabi har ƙasa a tsakar gidanta.

"'Yar nan, me ya sami hannun?"

"Faɗuwa na yi, Hajiya, a bakin rijiya."

Gidan babu rijiya, 'yan garuwa ke kawo musu ruwa. Na ɗaga hijabin. Damtse ya kumbura, wuya da shatin yatsu. Ta damƙe hannuna tana kallon labulen ɗaki.

"Don Allah ki rufa mini asiri."

Da a da ne, yaji za ta yi, ta hau mota zuwa gida, manya su zauna. Yanzu ba mota, ba majalisar da za a tare shi a yi masa faɗa, maƙwabta kowa ya ja ƙofa. Tare suke kwana, tare suke wuni. In na yi masa magana, ni zan tafi, ita zan bari da shi. Na sakar mata hijabin na fita.

Washegari na dawo, na sa aka yi mini sallama da shi, na ɗaure fuska irin ta ciniki.

"Malam, aikin matarka ya lalace. Daga yau a gidana za ta riƙa yi, a gabana. In ba haka ba, in kwashe gyaɗata."

"Haba Hajiya! Da me za mu sha ruwa?"

"To, ka dai ji."

Ta goya ɗanta ta biyo ni. Ban bari ta taɓa turmi ba. Wata tsohuwa mai ɗori ta duba, ta ce ƙashin ya tsage.

Da la'asar sai ga shi. Gidana gidan matan aure ne, matan 'ya'yana na ciki, baligi ba ya wuce zaure. Ya sani, na sani. Amma wanda ya shaƙe matarsa, wa ya san inda kunyarsa ta tsaya? Ƙofar ciki labulen buhu ne kawai, 'ya'yan nawa kuwa kulle ya rutsa da su a Kano.

"Hajiya, a turo mini iyalina."

"Ba ta gama aiki ba."

"Yaushe za ta gama?"

"Ranar da baffanta ya zo daga Gwiwa. Na yi masa waya. In ka isa, ka keta gidan mutane ka ɗauke ta, unguwa ta ji."

Na tsaya a bakin labule. Ya matso har ina jin hucinsa. Yaron ya tsala kuka daga ciki. Ya daɗe yana duban labulen nan, sannan ya juya ya zauna a dakalin waje har aka kira magariba.

Haka ya yi ta zuwa kullum, ni kuma na mai da tabarmata zaure. Ko babur na ji ya wuce sai na miƙe. Daga baya baffan ya iso a kan babur ta hanyar gonaki, don ya kauce wa shingen jami'an tsaro. Ta hau bayan babur da goyonta, hannu a ɗaure. Mijin na tsaye yana kallo, ni kuma ban zauna ba sai da suka sha kwana.

Tana Gwiwa har yau. Hannun ya warke, amma bai koma matsa ba. Ni kuwa duk tunkuzar da aka kawo mini, sai na murza ta a yatsa kafin in dubi jarkar mai.